Ɗan Hakin Da Muka Raina A Turanci, Shi Ke Tsone Mana Ido

Mai karatu, zan yi maka 'yar jarrabawa, amma kwantar da hankalinka, babu mai sa maka maki. Ga jimloli uku na Turanci, dukkansu a kan biki. Ta farko: "They put off the wedding." Ta biyu: "They called off the wedding." Ta uku: "They pulled off the wedding." A wace aka ɗage bikin, a wace aka fasa shi, a wace kuma aka sha shagali?

In ka tsaya kana sosa ƙeya, to ba kai kaɗai ba ne. A ta farko ɗage bikin aka yi zuwa wani lokaci. A ta biyu an fasa, kowa ya kama gabansa, sai a mayar wa ango da lefensa. A ta uku kuwa an yi bikin lafiya duk da an sha da ƙyar. Ka duba da kyau, babu wata kalma mai tsoratarwa a ciki. "Put" da "call" da "pull" da "off" duk ɗan firamare ya san su. Amma ga shi sun isa su raba aure ko su ƙulla shi.

Irin waɗannan su ne Turawa ke kira "phrasal verbs", ni kuma a nan zan kira su aikatau mai ɗan rakiya, wato kalmar aiki da wata 'yar ƙaramar kalma ke take wa baya, irin su "up" da "off" da "out" da "in" da "down", su haɗu su ba da wata ma'ana dabam. Abin da nake so in faɗa a wannan wata shi ne: a nan Turancinmu yake karyewa, a fim da littafi da ɗakin jarrabawa, kuma masu laifin mun san su. Akwai furodusa, akwai marubuci, akwai malamin lesin. Kowa zan taɓa shi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tun muna yara aka cusa mana cewa wai iya Turanci shi ne ka kwaso kalma mai tsawon igiyar guga ka maka wa mutane, a yi ta tafi ana cewa "kai, wane ya fasa ƙamus!" Shi ya sa za ka ga saurayi ya haddace "procrastinate" amma bai san "put off" ba, ya san "extinguish" amma "put out" ta gagare shi, yana ji da "tolerate" alhali in aka ce masa "put up with" sai ya yi zuru. Su kuwa masu harshen, a gida da kasuwa da finafinansu, ƙananan nan suka fi amfani da su. Tun a 1755, Samuel Johnson, wanda ya tsara shahararren ƙamus ɗin Turanci, ya yi nuni a gabatarwarsa cewa wannan haɗi shi ne ya fi ba baƙin harshen wahala. Yau shekara 270 da ɗoriya, mu kuma har yanzu muna can muna farautar manyan kalmomi.

Wani zai ce to me ya shafi mujallar fim da adabi da darasin Turanci? Zo mu je Gwarzo da Kabo ka gani.

Ɗauki yaro ko yarinya da ke aji shida na sakandare a Getso ko Kutama ko Lakwaya, ko a Garo ta ƙasar Kabo. Makarantun gaba da sakandare sun matso kusa da shi: ga Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a cikin garin Gwarzo, ga babbar makarantar gwamnatin tarayya da aka kafa a Kabo, ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin da ma sunansa titin Gwarzo. Ƙofofi sun zo har bakin gida, amma a yawancin fannoni makullinsu ɗaya ne, kiredit a Turanci. A jarrabawar JAMB kuma, duk fannin da ka zaɓa, Turanci dole ne, tambaya 60 cikin 180. Bugu da ƙari, tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022, a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke shi, aka koma Turanci tun daga tushe. Ko ka goyi bayan wannan mataki ko ka ƙi, nauyin dai a kan yaron nan ya sauka.

To a ina yake ganin Turanci in ya bar aji? A gida Hausa ake yi, a gona Hausa, a kasuwa Hausa, a majalisa Hausa. Ba ya sayen jarida. Abin da ke hannunsa waya ce cike da finafinai da aka tura masa a shagon caji, da littattafan da ake rabawa a WhatsApp. Nan ne fa inda zancen yake. Fim ɗin Hausa mai sabtaitil, in an yi shi da kyau, babu darasin Turanci da ya kai shi. Yaro yana jin magana da harshen da ya tsotsa a nono, yana ganin fuskar mai maganar, ya san fushi ake yi ko lallashi, ga Turancinta kuma yana gudu a ƙasan allo. Wane malami ne zai iya haɗa maka wannan a aji mai ɗalibi ɗari? Ashe furodusa malamin Turanci ne ko ya sani ko bai sani ba. In ya koyar da daidai ya samu lada, in ya koyar da shirme ya ɗauki alhaki.

Saboda haka da kai zan fara, ranka ya daɗe furodusa. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa yau, komai na sana'ar nan ya ci gaba. Kyamara ta sauya, sauti ya gyaru, an tashi daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da Africa Magic Hausa, inda wanda ba ya jin Hausa ma yake kallonmu. Amma sabtaitil har yau a wurin da yawa daga cikinku shi ne ɗan bora. Za a kashe kuɗi a kan lokeshan da sutura da motar haya ta nuna isa, sai an gama komai, fim na shirin fita, sannan a tuna da fassara, a miƙa wa wani yaro a ɗakin tace hoto don kawai an ji yana ɗan taɓa Turanci, a ce gobe ake so. Shi kuma ya zauna ya bi kalma-kalma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Jaruma ta ce "ka ci amanata", ya nemo Turancin "ci" ya nemo na "amana" ya liƙa, alhali ga "you let me down" ko "you betrayed me" a kusa. Uba ya ce "na fasa auren", ya rasa "call off" ya kama hanyar fasa tulu. Ɗan kallo a Legas ko Accra ya yi ta dariya a wurin da aka so ya yi kuka. Yaron Getso kuwa ba zai yi dariya ba, kwafewa zai yi ya kai wa mai duba jarrabawa.

Kuma kada a ce mini wai ba mu da gwanaye. Ku dubi yadda masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita, suke yi. Ba sa bin kalma, ma'ana suke bi, su nemo yadda Bahaushe zai faɗi abin a bakin kasuwa, shi ya sa har tsofaffi ke kallo. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake juya labaran duniya zuwa Hausa mai daɗin ji. Ta ɗaya ɓangaren ma an gwada an gani: Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, duniya ta karanta. Malam Kabiru Musa Jammaje, wanda da ma malamin Turanci ne, ya shirya There Is a Way da Turanci a 2016 da jaruman Kano. Masu iyawa suna nan birjik. Biyan su ne ba a son yi.

Na biyu, 'yan'uwana marubuta, musamman masu rubutu a waya. Na san dalilin da ya sa ake barbaɗa Turanci a bakin taurarin labari: ana so a nuna Hajiya 'yar boko ce, Alhaji ƙarami kuma daga Landan ya dawo. Ba laifi ba ne, haka wasu ke magana a zahiri. Amma 'yar'uwa, in kin ce jaruminki ya yi digiri biyu a Ingila, sannan ya buɗe baki ya ce wa matarsa "off the light", ai kin tona masa asiri. Wanda ya zauna a can "turn off the light" zai ce, ko "turn it off". Kin yar da aikatau ɗin kin riƙe ɗan rakiya, kamar wanda ya kori ango ya zaunar da abokin ango. Haka mai rubuta "cope up with", alhali "cope with" ce, babu "up" a ciki. Haka mai cewa shugaban taro ya yi "round up" da jawabinsa, bai san "round up" tattaro mutane ko dabbobi ba ne, irin kamen da 'yan sanda ke yi wa ɓarayi, kammala jawabi kuwa "round off" ne. Littafinki yarinya dubu za ta karanta, kuma ta fi yarda da ke a kan malaminta. In Turancin bai zauna ba, a bar jarumi ya yi Hausarsa tsantsa, babu abin da zai ragu a kwarjininsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na uku, malam mai lesin yamma da na hutun ƙarshen zango. Kai ne ka fi ba ni tausayi, don na san abin da ake biyan ka, amma hanyarka ba ta ɓullewa. Ka cika allo da jeri tun daga "abide by" har "zoom in", yara su kwafa, su rera kamar karatun ƙidaya, ranar jarrabawa komai ya bi iska. Me ya kai ka wahalar da kanka? A 2007 wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun tace wata babbar taskar rubutu da maganganun Turancin Birtaniya, suka samu irin wannan aikatau sau 518,923. Da suka duba sai suka ga guda 25 kacal sun kusa cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, guda 100 kuma sun haura rabi. Sai dai waɗannan ɗarin suna ɗauke da ma'anoni har 559. Ka ga ke nan ba yawan jeri ne aikin ba. Kaɗan ne ke yawo, amma kowanne da fuska biyar ko shida, kuma ba a gane fuskar sai a cikin jimla.

Misalin wannan yana nan a Kabo. Kowa ya san Kabo Air, kamfanin jiragen sama da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980, wanda a zamaninsa ya yi ta jigilar alhazai. In jirgi ya bar ƙasa, "take off" ya yi. In alhaji ya zo shiga masallaci ya cire takalmi, shi ma "take off" ne. In ma'aikaci ya ɗauki hutun kwana ɗaya, "take a day off". In sana'a ta buɗe ta fara kawo riba, ita ma an ce ta yi "take off". Wanda ya haddace ma'ana ɗaya a jeri, ranar da ya haɗu da sauran ukun sai ido.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata mini rai. Ana koya wa ɗan Bahaushe wannan darasi kamar wani sihiri ne daga ƙasar aljanu, alhali da irinsa ya tashi. Mai karatu, ɗauki kalmar "ci". Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci kasuwa, ka ci zaɓe, ka ci karo, ka ci gaba, a ci ka tara, a ci maka mutunci. Wanne ne a ciki ya ratsa maƙogwaro ban da na farko? Ɗauki "sha": sha ruwa, sha iska, sha wahala, sha kashi, sha alwashi, sha kunu. Yaro ɗan shekara bakwai a Kutama ya san in an ce inna ta sha kunu, wani lokaci ba kofi aka miƙa mata ba, gara ya yi nesa. Wa ya ba shi jeri ya haddace? A cikin magana ya tsinta.

Abin ma ya wuce nan. Aikin da Bature ke sa ɗan rakiya ya yi masa, mu da ƙarshen kalma muke yin sa. Wani masani a Landan, F. W. Parsons, shi ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, kuma har yau ana karantar da wannan a jami'o'inmu. Duba: "ci" shi ne "eat", amma "cinye" shi ne "eat up". "Sha" shi ne "drink", "shanye" kuma "drink up". "Saya" shi ne "buy", "saye" kuma "buy up". Ashe wannan "up" ɗin da ke rikita yara, a wurare da dama ba sama yake nufi ba, ƙarasawa yake nufi, kuma muna da abinmu. Haka "jefa" da "jefar", wato "throw" da "throw away". Haka "zuba" da "zubar". Haka "shigo" da "fito" da "dawo", wato "come in" da "come out" da "come back". Malamin da ya fara da wannan, cikin minti goma zai ga idon yara ya buɗe. Amma ina! A makarantu da yawa yin Hausa a ajin Turanci laifi ne, har tara ake ci. An kulle ƙofar da ke buɗe, an ce yaro ya haura katanga.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai Turancin Nijeriya ma Turanci ne, wa ya naɗa ni alƙali? Gaskiya ne, kuma ina da hujjar da ta fi tasu. A Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Nijeriya. A ciki akwai "Kannywood" kanta, akwai "flag off" ta ƙaddamar da aiki, akwai "put to bed" da ma'anar haihuwa, har da "eat money", wato dai cin kuɗin nan namu. Madalla. Amma waɗannan abubuwa ne da miliyoyin mutane suka daɗe suna faɗa har suka zauna. Wannan dabam, kuskuren mutum ɗaya da ya yi fassara cikin gyangyaɗi dabam. Sannan ko wanda ya zauna ɗin, ya kamata ka san inda yake ci. Ka ce wa Ba'amurke matarka ta yi "put to bed", zai tambaye ka wa ta kwantar. Ka ce masa ƙaninka ya yi "pass out" jiya, kana nufin ya gama hidimar ƙasa, shi zai ɗauka suma ya yi. Naira kuɗi ce, amma alhaji in ya sauka Jidda sai ya nemi riyal.

Wasu kuma za su ce mu Hausawa ne, a bar mu da Hausarmu. Ni ma da ita nake rubuta wannan, kuma ba na neman kowa ya saki harshensa. Cewa nake yi a kama Hausar da kyau a hau ta a tsallaka. Wanda ya san bambancin "fita" da "fito" da "fitar" da "fice" ya riga ya yi rabin tafiya.

Kai kuma mai karatu, kada ka zauna jiran furodusa ya tuba. Ga hanya, kuma da labarin da ka fi kowa sani. Jarumi ya yi kiciɓis da yarinya a hanyar rijiya: "he ran into her". Ya kamu da son ta: "he fell for her". Ya gabatar da kansa ta ƙi: "she turned him down". Bai haƙura ba: "he did not give up". Da naci ya yi naci ta sakko: "she gave in". Iyayenta suka raina shi don ba shi da ko sisi: "they looked down on him". Wata ƙawa ta ƙulla masa sharri: "she made up a story". Suka rabu: "they broke up". Daga baya ta gano gaskiya: "she found out". Suka shirya: "they made up". Aka ɗaura aure suka zauna lafiya: "they settled down". Guda goma ke nan a fim ɗaya, kuma ka lura "make up" ta fito sau biyu da fuska biyu, ƙirƙirar ƙarya da sasantawa, ga ta uku can a fuskar amarya. Samu littafin rubutu na naira kaɗan. Duk wanda ka ci karo da shi, rubuta jimlar gaba ɗaya, ka sa Hausar da kai za ka faɗa a gefenta, ba Hausar ƙamus ba. Guda biyu a rana ya isa, kafin wata biyu ka haɗa ɗari. In abin da ake magana a kai "it" ne ko "him" ko "her", a irin su "turn down" da "turn off" tsakiya yake shiga: "turn it off", ba "turn off it" ba.

Ga kirana a taƙaice. Furodusa ya ware kuɗin sabtaitil tun a kasafin farko, ya ba wanda ya iya, a sa wani ya sake dubawa, a kuma rubuta sunan mai fassara a jerin ma'aikata yadda in ya yi kyau a yaba masa, in ya ɓata a san wanda za a tambaya. Masu shirya bukukuwan ba da kyaututtuka su buɗe gurbin gwarzon mai fassara. Ƙungiyoyin marubuta su riƙa duba Turancin da ke cikin littafi kamar yadda ake duba ƙa'idar rubutun Hausa. Malaman Turanci a Gwarzo da Kabo da sauran garuruwanmu su daina jin kunyar jawo "cinye" da "shanye" cikin aji. Matasanmu da suka karanta Turanci a jami'a suke zaune a gida kuwa, ga sana'a nan tana neman mai yi.

Wanda yake ganin na yi son kai ko na zaƙe, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami ya ba ni amsa a fitowa ta gaba. Amma kafin ya rubuto, ya ɗauki fim ɗaya na wannan shekara, ya kashe sautin, ya karanta rubutun ƙasan allo shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ya gaya mana ko ya gane wa ya auri wa. Allah Ya sa mu gyara.